Hukuncin Tafiya Ƙasashen Waje Da Jirgin Ɗaukar Hoto Maras Matuƙi

 

Kwanan baya wani ɗan kasuwa daga cikin masu zama da mu a karatun bayan Magariba ya dakata har aka watse, sa'an nan ya buɗe wata 'yar jaka ya nuna mana wani abu da bai fi tafin hannu biyu ba, mai farfela huɗu, da ɗan idon kyamara a goshinsa. Ya ce a Dubai ya saye shi. Niyyarsa ita ce ya kai iyalinsa Umra, daga can su wuce Masar da Maroko su yi hutu, yana kuma so ya ɗauko hoton manyan dalolin Giza da tsohon birnin Fas daga sama. Amma wani abokin cinikinsa ya gaya masa wai ƙasashen nan ba su son a shiga da irin wannan abu, don haka ya naɗe shi cikin tufafi ya sa a ƙasan akwati, ma'aikatan kwastan ba za su kula ba. Tambayarsa ita ce: shin akwai laifi a Shari'a idan ya yi haka, tun da shi ba ɓarawo ba ne, ba kuma ɗan leƙen asiri ba?

Mun ga ya kamata mu kawo amsar a wannan fili, domin 'yan kasuwarmu da ma'aikatan Gwamnati masu zuwa kwas ko hutu a ƙasashen waje sun fara sha'awar wannan abu, kuma da yawansu sun ɗauke shi abin wasan yara, alhali kuwa ya kai waɗansu mutane kurkuku.

ASALIN HUKUNCINSA

Wannan abu shi ne ake kira jirgi maras matuƙi, watau ɗan ƙaramin jirgi da mutum ke sarrafawa yana tsaye a ƙasa, yana kallon abin da idon jirgin ke gani ta fuskar wayarsa. Mafi yawan waɗanda ke kasuwa na kamfanin DJI ne, wanda aka kafa a shekarar 2006, mai mazauni a birnin Shenzhen na ƙasar Sin. A 2019 kamfanin ya fito da wani samfuri mai nauyin giram 249 kacal, wanda ke iya yin wajen rabin awa a sama. Tun daga nan abin ya zama mai shiga aljihun riga, ya kuma shiga kayan matafiya.

Asalin abubuwan amfani a Shari'a shi ne halacci, sai in wani dalili ya zo ya hana. Wannan jirgi kayan aiki ne kamar wuƙa ko mota, hukuncinsa yana bin abin da aka yi da shi. Manoma na duba gonaki da shi, masu awon ƙasa na aiki da shi, hukumomin Saudiyya ma suna amfani da irinsa wajen lura da cinkoson alhazai. Yawo a bayan ƙasa don ganin halittar Allah da ɗaukar wa'azi daga kufan mutanen da suka shuɗe abu ne da Alƙur'ani ya kwaɗaitar a kai a wurare da dama. Batun hoton kyamara kuwa malaman zamani sun yi saɓani a kan na masu rai, amma hoton duwatsu da koguna da gine-gine ba a yi jayayya a kan halaccinsa ba. Saboda haka matsalar ɗan'uwanmu tana wurare biyu ne: alkawarin da ya ɗauka ranar da ya karɓi biza, da kuma inda idon jirgin zai leƙa.

BIZA AMANA CE

Malaman fiƙihu na da suna da babi a kan wanda suke kira musta'amini, watau mutumin da ya shiga ƙasar da ba tasa ba bisa amincin da masu ƙasar suka ba shi. Sun tabbatar da cewa Musulmin da ya shiga wata ƙasa da aminci, ko da ta waɗanda ba Musulmi ba ce, haramun ne ya ha'ince su, domin ba su buɗe masa ƙofa ba sai bisa sharaɗin ba zai cuce su ba, ko an furta sharaɗin ko ba a furta ba. To, hatimin da ake buga wa mutum a fasfo shi ne wannan aminci a zamaninmu. Wanda ya cika takardar neman biza ya sa hannu, ya yi alkawarin bin dokar masu gida muddin ba su umurce shi da saɓon Allah ba. Hana tashin jirgin ɗaukar hoto kuwa ba ya cikin saɓon Allah ta kowace fuska. Ayar farko ta Suratul Ma'ida umurni ce ga muminai da cika ƙulle-ƙullen alkawari, kuma ba ta ware alkawarin da aka yi da baƙo ko da hukuma ba.

A duba ƙissar Huzaifa ɗan Yamani da mahaifinsa, Allah Ya yarda da su, wadda Imamu Muslim ya ruwaito. Ƙuraishawa sun tare su a hanya gab da yaƙin Badar, ba su sake su ba sai da suka ɗauki alkawarin cewa Madina za su wuce, ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Da suka iso suka ba da labari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce su da su cika alkawarin, alhali ranar nan Musulmi ɗari uku ne da 'yan kai, suna bukatar kowane hannu. Idan alkawarin da aka yi wa abokan gaba a bakin yaƙi ya wajaba a cika shi, ina ga wanda aka yi wa ƙasar da ta karɓe ka baƙo, ta ba ka masauki, don kawai kana sha'awar hoto?

Daga nan za a gane hukuncin shawarar da aka ba ɗan'uwanmu. Naɗe jirgi cikin tufafi don a ɓoye wa kwastan ha'inci ne. Idan aka tambaye shi ko yana da abin bayyanawa ya ce babu, ya ƙara ƙarya a kan ha'inci. Idan aka gano ya miƙa wani abu don a kau da kai, ya ƙara rashawa, wadda aka la'anci mai ba da ita da mai karɓarta. Zunubi uku ke nan tun bai fita daga filin jirgi ba, ga shi kuma tafiyar da Umra aka fara ta.

ABIN DA DOKOKIN ƘASASHE SUKA CE

Ƙasashen da ɗan'uwanmu ya zaɓa suna cikin masu tsanani. Maroko ta hana shigo da waɗannan jirage ba tare da izini ba tun shekarar 2015, kuma ma'aikatan kwastan na karɓe su a filin jirgi. Masar ta yi doka mai lamba 216 a shekarar 2017, wadda ta hana shigo da su, ko mallakarsu, ko tashinsu, sai da izinin Ma'aikatar Tsaro, wanda ya karya kuwa hukuncinsa ɗauri ne daga shekara 1 zuwa 7, da tara. A Saudiyya hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ce ke yin rajista da ba da izini, kuma a watan Afrilu na 2018 jami'an tsaro sun harbo wani ɗan jirgin wasa da ya ratsa kusa da fadar Sarki a birnin Riyad. Indiya, inda mutanenmu ke yawan zuwa neman magani, ta hana shigo da jiragen da aka ƙera a waje tun watan Fabrairu na 2022, in ban da waɗansu bukatu na hukuma da bincike.

Ƙasashen Turai da Amurka sun fi sauƙi, amma su ma da sharaɗi. A Tarayyar Turai, tun ƙarshen 2020 doka ɗaya ce ke aiki: mai jirgin da ke da kyamara sai ya yi rajista ko da jirgin bai kai giram 250 ba, in dai ba na wasan yara ba ne, kada ya wuce mita 120 daga ƙasa, kada ya ɓace wa idon mai sarrafa shi, kada ya bi ta kan taron jama'a. A Amurka an hana tashinsa a manyan gandayen daji na ƙasa tun 2014, kuma a shekarar ta 2014 wani baƙo daga Holan ya jefa jirginsa cikin wani shahararren marmaron ruwan zafi a gandun Yellowstone, kotu ta sa ya biya fiye da dala 3,000.

Waɗanda suka raina abin sun sha wuya. A 2019 an ɗaure wani Bafaranshe mai yawon buɗe ido wata guda a ƙasar Myanmar saboda ya tashi jirginsa kusa da majalisar dokoki. A 2020 hukumomin Iran sun kama wani Bafaranshen da ya ɗauki hotuna da jirgi kusa da iyakarsu da Turkmenistan, aka tuhume shi da leƙen asiri, aka yanke masa ɗaurin shekara 8, bai fito ba sai a watan Mayu na 2023. Shi ma ya ce hutu ya zo yi. Mai hankali ba ya kai kansa inda sai an yarda da niyyarsa kafin ya tsira, domin jami'in tsaro ba ya ganin zuciya, abin da ke cikin kyamara yake gani.

Kada kuma a ɗauka waɗannan dokoki son zuciyar masu mulki ne. A watan Yuni na 2016 an rufe sararin filin jirgin Dubai fiye da awa guda saboda wani jirgi maras matuƙi da ya shigo. Daga 19 zuwa 21 ga Disamba 2018 aka tsai da aiki a filin jirgin Gatwick na Ingila bisa rahoton ganin irinsu, abin ya shafi tashi da saukar jirage wajen 1,000 da fasinjoji kimanin 140,000. A cikin wannan jama'a akwai marasa lafiya, akwai masu gaggawar jana'iza, akwai masu ciniki da lokaci ya ƙure musu. A watan Janairu na 2022, bayan harin da aka kai Abu Dhabi wanda ya kashe mutum 3, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da tashin jiragen nishaɗi baki ɗaya, ba ta fara sassautawa ba sai daga ƙarshen 2024, shi ma bisa rajista da izini. Malaman usulu sun yarda shugaba ya taƙaita abin da yake halal idan maslahar jama'a ta bukata, kuma tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani.

IDO BA YA SHIGA SAI DA SALLAMA

Yanzu a ɗauka mutum ya sami izinin hukuma, takardunsa sun cika. Sauran hakki na biyu, wanda hukuma ba ta da ikon yafe shi, watau hakkin masu gida. Suratun Nur, aya ta 27, ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana bin diddigin asirin mutane. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wani mutum ya leƙa ɗakin Annabi ta wata kafa, Annabi ya nuna fushi mai tsanani, ya kuma bayyana cewa saboda gani ne aka shar'anta neman izini. Ashe ke nan idan ido ya riga ya shiga, mutum ya shiga, ko da ƙafarsa na waje. A wani hadisin an ɗauke laifi daga mai gidan da ya jefi idon mai leƙe. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ɗauke shi a zahirinsa, mafi yawan Malikiyya kuwa sun ɗauke shi a matsayin tsoratarwa, amma duka sun haɗu a kan girman laifin leƙen.

Malamanmu na Malikiyya sun yi zurfi ƙwarai a wannan babi, har kamar sun hango zamaninmu. Mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya kawo buɗe tagar da za ta tona maƙwabci a cikin misalan cutarwar da aka hana. A cikin Mudawwana an kawo cewa Sayyidina Umar ya yi hukunci a kan mutumin da ya gina bene ya buɗe tagogi ta wajen maƙwabcinsa, cewa a ajiye gado a bayan tagar mutum ya hau ya tsaya, idan yana hango cikin gidan maƙwabci a hana. An kuma ruwaito daga Sahnunu cewa ladan ma ana hana shi hawa hasumiya idan daga can yana ganin cikin gidajen mutane. A lura da wannan da kyau: kiran salla alama ce ta addini, amma bai halatta a keta sitirar gida saboda shi ba. To, ina matsayin hoton hutu? Akwai kuma ƙa'idar fiƙihu da ke nuna cewa sararin da ke bisa gida yana bin hukuncin ƙasar gidan, wanda ya mallaki ƙasa shi ke da hakkin samanta.

Mu Hausawa mun san wannan tun kafin mu karanta shi a littafi. An yi zaure ne don baƙo ya tsaya, an ɗaga katanga don mai wucewa kada ya gani, tsakar gida kuwa an bar ta a buɗe domin ba a tsammanin ido daga sama. Magini ba ya hawa soro yin yaɓe sai an aika yaro gidajen maƙwabta an ce za a hau, mata su kintsa. Irin wannan gini shi ne a tsohon birnin Fas da Marrakush da ɗan'uwanmu ke son ɗauka: gidaje ne masu bango ba taga ta waje, da fili a tsakiya, rufin sama kuma tun da can wurin shan iskar mata ne da shanyarsu. Wanda ya tashi jirgi a kan irin wannan unguwa ya leƙa gida ɗari a minti guda ba da sallama ba. Ya ma fi mai leƙe ta kafa, domin mai leƙe ya gani ne ya wuce, shi kuwa wannan ya adana abin da ya gani, gobe ya ɗora a Facebook duniya ta gani. Mai son ya auna abin, ya ƙaddara yana zaune a tsakar gidansa da iyalinsa, sai ga jirgin wani baƙo yana shawagi a kansu. Abin da zai ji a ransa, shi mutanen Fas za su ji.

Wannan hukunci ya haɗa da bakin teku da wuraren wanka na masaukai, inda mutane ke tuɓe tufafi. Runtse ido wajibi ne a kan Musulmi, kuma kallo ta fuskar waya kallo ne. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma ɗaukar hoton mutum ba da yardarsa ba laifi ne da doka ke hukuntawa.

Game da Makka da Madina kuwa, hotunan Harami da ake gani daga sama a talabijin aikin hukuma ne da waɗanda ta ba izini. Mai Umra ko Alhaji ba shi da wannan dama, kuma bai kamata ma zuciyarsa ta tafi can ba. Wanda ya ɗaura harami ya amsa kiran Ubangijinsa, ga shi a wurin da aka hana ko firgita tsuntsu, yaya zai saki abu mai kaifin farfela a kan masu ɗawafi?

WANDA YA ƁATA SHI KE BIYA

Hakki na uku shi ne lamunin ɓarna. Jirgin nan yakan faɗo idan batir ya ƙare, ko iska ta fi ƙarfinsa, ko sadarwa ta yanke. A 2015 wani yaro a Ingila da bai kai shekara 2 ba ya rasa ido ɗaya sa'ad da jirgin wani abokin iyayensa ya bugi itace ya faɗo masa. A fiƙihu ganganci da kuskure daidai suke wajen biyan dukiyar mutane, raunin jiki kuma yana da diyyarsa ko da ba a yi nufi ba. Faɗin cewa na'ura ce ta ƙi ba ya kuɓutar da wanda ya tashe ta, kamar yadda mahayi ke ɗaukar ɓarnar da dabbarsa ta yi yana bisanta.

Haka kuma batun batir. Batiran waɗannan jirage na lithium ne, suna iya kama wuta idan suka matsu ko bakinsu ya haɗu da ƙarfe. Shi ya sa ƙa'idar jiragen sama ta ce batir na ajiya a jakar hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin akwatin da za a kai ƙasan jirgi, inda in wuta ta tashi ba mai gani. Wanda ƙarfinsa bai wuce Wh 100 ba ana shiga da shi, daga 100 zuwa 160 sai da yardar kamfanin jirgi kuma kada ya wuce biyu, abin da ya haura haka an hana. Ashe wanda ya cusa jirgi da batiransa a ƙasan akwati don gudun kwastan ya sa rayukan duk waɗanda ke cikin jirgin a haɗari, har da na 'ya'yansa.

AMSAR DA MUKA BAYAR

Kafin mu ba ɗan'uwanmu amsa mun tambaye shi yadda ya shigo da jirgin gida daga Dubai, sai ya sunkuyar da kai. Mun tunatar da shi cewa a nan Nijeriya ma tun watan Mayu na 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta sanar da cewa ba a tashin irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. Wannan ya shafi 'yan kasuwa masu sayo su don sayarwa, ya kuma fi shafar ma'aikacin Gwamnati, wanda in aka kama shi a waje da fasfon aiki, sunan ƙasarsa ne zai ɓaci tare da nasa.

Sa'an nan muka ce masa: a wannan tafiya ka bar shi a gida, domin Masar da Maroko sun hana, Umra kuwa ba ta bukatarsa. Kyamarar wayarka ta ishe ka. Idan wata rana za ka ƙasar da ta yarda, ka tambayi ofishin jakadancinta da hukumar jiragen samanta tun kafin ka sayi tikiti, domin dokokin nan suna canzawa, ka kuma haɗa da ƙasar da za ka ya da zango a cikinta. Ka yi rajista, ka bayyana shi ga kwastan da bakinka, in sun ce a ajiye ka karɓi rasit ka ajiye. In ka zo tashinsa ka nemi fili ko dutse ko gaɓar kogi inda ba gidaje, ka nisanci filin jirgi da barikin soja da fadar masu mulki da taron jama'a. In hoton wani ya shigo ba da saninsa ba, ka goge. Kada kuma shagalin abin ya sa ka fitar da salla daga lokacinta, domin rangwamen da aka yi wa matafiyi ƙasaru ne da haɗa salloli, ba a yi masa rangwamen mantuwa ba.

Ya ce kuɗin da ya kashe fa? Muka ce masa hasarar kuɗin jirgi ta fi sauƙi a kan shekara guda a kurkukun ƙasar da ba ka da kowa, ta kuma fi sauƙi a kan tsayuwa gaban Allah da hakkin mutanen da ba ka san sunansu ba balle ka nemi gafararsu. Kakanninmu fatake sun kai Gwanja da Tarabulus da Makka a ƙasa, kuma abin da ya buɗe musu ƙofofin garuruwa shi ne an san su da riƙon amana da kame ido a gidan mai masauki. Baƙon da ya zo bayanka da irin fasfonka, da halinka za a auna shi.

Allah Shi ne Mafi sani. Muna roƙonsa Ya tsare matafiyanmu a tafiyarsu da komowarsu, Ya sa mu cikin masu cika alkawari, Ya suturta mu duniya da lahira kamar yadda muka suturta bayinsa, amin.